Bayan An Ce Ba Daji Ba Ne: Mata da Komawa Gwajin Mama a Ƙasar Tsafe

Abin da wannan lacca ta sa a gaba shi ne halin da mace ke shiga bayan ta kai kanta asibiti an duba mata mama, an ga ƙullutu ko wata alama mai sa shakka, an bincika, sannan aka shaida mata cewa abin da aka gani ba ciwon daji ba ne. A wurin dangi da maƙwabta nan magana take ƙarewa, a yi barka da arziki, ma'aikaciyar lafiya ta rufe kati ta kira mai bi mata. Amma a wurin masu nazarin lafiyar al'umma nan wata tambaya take tasowa, wato ko wannan baiwar Allah za ta sake dawowa idan lokacin dubawa ya zagayo, ko idan wani sabon canji ya bayyana a jikinta bayan shekara biyu ko biyar. Tambayar ta fi nauyi a Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukan da ke kewaye da Gusau fiye da ƙasashen da aka fi yin bincike a kanta, domin matan da suke iya danne kunya da tsoro, su nemi kuɗin mota, su bi hanya mai hatsari har su zo sau ɗaya ba su da yawa, kuma abin da kowacce ta tarar a zuwan nan na farko shi ne labarin da za ta ba abokiyar zamanta da ƙanwarta da 'yarta.

Girman cutar ba ɓoyayye ba ne. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a faɗin duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu ta dalilinta, yayin da ƙiyasin Nijeriya a wannan shekara ya haura sabbin kamuwa 32,000 da mace-mace fiye da 16,000, abin da ya sa ta zama kan gaba cikin nau'o'in daji a ƙasar. Wani bincike da ya bi diddigin mata a ƙasashen Afirka biyar, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa cikin marasa lafiyar da aka bibiya a Aba da Owerri kashi 36 cikin ɗari ne kawai ke raye bayan shekara uku da gano cutar, alhali a tsakanin farar fatan Namibiya adadin ya kai kashi 90. Babban dalilin wannan tazara shi ne makara, domin nazarin da ya tattara rahotannin asibitocin Afirka kudu da Sahara a 2016 ya gano cewa kimanin kashi 77 na baƙaƙen mata suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu, wato lokacin da cutar ta riga ta ci fata ko bangon ƙirji, ko ta cika kaluluwar hammata, ko ta bazu zuwa ƙashi da hanta da huhu.

Ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan haɗa su wuri guda. Akwai gwajin tantancewa, wanda ake yi wa macen da ba ta jin komai a jikinta domin a gano cutar kafin ta nuna alama, kuma a ƙasashe masu arziki ana yin sa da na'urar mamogiram, wato hoton mama da ake ɗauka da hasken da ake hoton ƙashi da shi amma mai rauni. Shirin Ingila da aka fara a 1988 yana aika wa mata masu shekara 50 zuwa 70 takardar gayyata duk bayan shekara uku, kuma cikin kowace mace ɗari da aka ɗauki hotonsu kimanin huɗu ake sake kira domin ƙarin bincike, uku daga cikin huɗun nan kuwa ana tarar da ba su da daji. Sai kuma gano cuta da wuri, wanda ya shafi macen da ta riga ta ji ƙullutu ko ta ga canji, a nan buƙatar ita ce ta zo da sauri a kuma bincika da sauri. Nijeriya ba ta da shirin gayyata irin na Ingila, saboda haka abin da matar Tsafe ke samu shi ne dubawa da hannu a Babban Asibitin Tsafe ko a cibiyar lafiya ta matakin farko, ko a taron gwaji kyauta da ƙungiyoyi ke shiryawa musamman a watan Oktoba, daga nan a tura ta Gusau, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, idan kuma ta tabbata akwai daji har ana bukatar gashi da na'ura, sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya.

Mafi yawan ƙullutun da ake samu a mama ba daji ba ne, musamman a jikin 'yan mata da matasan iyaye. Wanda ya fi yawa a wannan rukuni shi ne wanda likitoci ke kira faibiro'adinoma, wani dunƙulen tsoka mai santsi da ke zillewa ƙarƙashin yatsa kuma ba ya yaɗuwa; akwai jakar ruwa da kan kumbura ta saɓe daidai da zagayowar al'ada; akwai kumburi da maruru na lokacin shayarwa, da kuma taruwar madara wuri guda bayan yaye. Sai dai waɗannan ba darajarsu ɗaya ba idan aka dubi gaba. Binciken asibitin Mayo na Amurka da aka wallafa a 2005, wanda ya bibiyi mata fiye da 9,000 da aka ɗebi naman mamansu aka ga ba daji ba ne, ya nuna cewa waɗanda ƙwayoyin halittar namansu ba sa hayayyafa fiye da kima haɗarinsu bai wuce na sauran mata da wani abin a zo a gani ba, waɗanda ƙwayoyin ke hayayyafa amma siffarsu ba ta sauya ba haɗarinsu ya kusa ninki biyu, waɗanda kuma siffar ƙwayoyin ta fara sauyawa haɗarinsu ya kai kimanin ninki huɗu. A Suwidin ma, wani nazari na 2023 a kan matan Stockholm ya gano cewa cikin shekara ashirin kashi 11.3 na matan da aka taɓa sake kira aka ce ba daji ba ne sun kamu da cutar, idan aka kwatanta da kashi 7.3 na waɗanda ba a taɓa kira ba. Ma'anar wannan ita ce sakamako mai kyau hukunci ne a kan ƙullutu guda a rana guda, kuma wasu daga cikin matan da suka karɓe shi sun fi sauran mata bukatar sa ido.

Duk da haka su ne suka fi janye jiki. Wani babban bincike a kan wannan batu shi ne wanda Diana Miglioretti da abokan aikinta suka fitar a 2024, inda suka duba hotunan mamogiram kimanin miliyan 3.5 na mata fiye da miliyan ɗaya a Amurka tsakanin 2005 da 2017. Cikin matan da hotonsu ya fito lafiya lau tun farko, kimanin kashi 77 sun koma gwaji na gaba. Cikin waɗanda aka ce a ɗebi namansu sannan aka ga ba daji ba ne kimanin kashi 67 suka koma. Waɗanda kuwa aka ce musu mai yiwuwa ba komai ba ne amma su dawo bayan wata shida a sake dubawa, kimanin kashi 61 ne suka koma gwajin da aka saba. Abin lura shi ne zaman jiran tsammani ya fi allura korar mata. Nazarin da aka yi tun 2007 ya nuna cewa halin ba ɗaya ba ne a ko'ina, domin a wancan lokaci matan Kanada sun fi ƙauracewa bayan irin wannan sakamako yayin da ba a ga wani bambanci mai ƙarfi a Turai ba, wanda ke nuna cewa tsarin da mace ta tarar yana da hannu a shawarar da za ta yanke. A Denmak kuma an gano a 2013 cewa damuwar da irin wannan firgita ke jawowa, ta rashin barci da fargaba da sauyin yadda mace ke kallon jikinta, takan ɗore har shekara uku bayan an wanke ta daga zargin cutar.

Waɗannan alƙaluma na ƙasashen da mamogiram ya wadata ne, kuma wanda ya fi kusa da halin Zamfara shi ne nazarin da Cristina Renzi da abokan aikinta na Landan suka yi a 2015, wanda ya dubi mutanen da suka je asibiti da alama a jiki aka sallame su, sannan daga baya wata alama ta fito. Sun gano hanya biyu da sallamar farko ke jawo jinkiri. Ta farko ita ce natsuwar da ta wuce kima, inda mai ciwo ke ɗaukar sabon ƙullutu a matsayin tsohon da aka riga aka wanke. Ta biyu ita ce jin cewa ba a ɗauki kukansa da muhimmanci ba, har ya ji nauyin komawa kada a ce ya cika raki. Duk wanda ya san zaman gidajen ƙasar Hausa zai gane hanyoyin nan biyu. Macen da aka cire mata ƙullutu tana da shekara ashirin da biyar, idan ta ji wani tana da arba'in da biyu, abu na farko da zai zo mata shi ne irin na da ne ya dawo, kuma uwarta da ƙawayenta za su ƙarfafa mata wannan zato da kyakkyawar niyya. Alhali shekarun arba'in da ɗoriya su ne shekarun da cutar ta fi bayyana a matan Nijeriya, kusan shekara goma kafin lokacin da take yawaita a Turai.

Sai dai akwai hanya ta uku da binciken Turawa bai cika tsayawa a kanta ba, kuma a ganin wannan lacca ita ce ta fi ƙarfi a ƙasar Tsafe: sakamako mai kyau yakan rage wa mace ƙarfin bakinta a cikin gida. Matar da ke Yankuzo ko Bilbis ko Ɗanjibga ba ita kaɗai ke yanke shawarar zuwa Gusau ba. Sai ta sami izinin maigida, sai an sami mai rakiya, sai an bar wani da yara, sai an haɗa kuɗin mota da na kati da na sikanin da na gwajin nama, wanda sau da yawa yana nufin sayar da akuya ko buhun hatsi, a kan hanyar da kowa ya san irin fargabar da matafiya ke bin ta da ita a 'yan shekarun nan. Idan bayan duk wannan aka dawo da labarin cewa ba komai, murna takan zo tare da wata ƙididdiga da ba a cika furtawa ba, cewa an kashe kuɗi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da za ta sake cewa ta ji wani abu, amsar da za ta samu a shirye take: ai an je wancan karo, likita da kansa ya ce lafiya lau. Ba daidai ba ne a kira wannan mace jahila ko mai sakaci, kuma ba daidai ba ne a kira mijin azzalumi, domin kowannensu ya yi hukunci ne da bayanin da aka ba shi, bayanin ne bai cika ba.

A kan wannan sai a ƙara tsohon imanin nan da ya yi jijiya, cewa daji ba ya son ƙarfe, allura ko aska in ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Sakamako mai kyau, maimakon ya raunana wannan imani, yakan ciyar da shi ta fuska biyu. Idan macen da aka ɗebi namanta ta kamu da daji bayan shekaru, sai a ce allurar nan ce ta tayar da shi. Idan kuma jakar ruwa ko kumburin shayarwa ya saɓe da kansa a daidai lokacin da ake shafa wani magani na gargajiya, sai a ce mai maganin ya warkar da daji, sunansa ya kewaya ƙauyuka, mai dajin gaskiya ta shafe watanni a hannunsa. Ɗiban nama da allura ba ya haifar da daji kuma ba ya sa shi bazuwa cikin jiki, shi ne kaɗai hanyar da ake tabbatar da ko wane iri ne ƙullutu. Wajibi ne a faɗi haka ƙarara a ɗakin dubawa, kafin a ɗiba da kuma bayan sakamako ya fito. Lokacin shayarwa ma yana da nasa tarko, ganin cewa a yankin da haihuwa ke da yawa mace kan shafe shekaru masu yawa tsakanin ciki da goyo, duk wani tauri a mama sai a danganta shi da nono. Ƙa'idar likitoci ita ce kumburin da bai sauka ba bayan an sha maganin ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, ko taurin da ya rage bayan maruru ya warke, sai an bincika shi.

Wajibi ne kuma ma'aikatan lafiya su yarda cewa ba kowace sallama ce ke da ƙarfi ɗaya ba. Ƙa'idar da aka amince da ita ita ce bincike mai ƙafa uku, wato dubawa da hannu, da hoto, da gwajin nama a ƙarƙashin madubin likita, kuma ba a cewa ƙullutu ba daji ba ne da cikakken yaƙini sai ukun sun yi daidai da juna. Sallamar da aka yi da taɓawa kaɗai a cikin cunkoson taron gwaji kyauta zato ne mai kyau, kuma mace tana da haƙƙin a gaya mata cewa zato ne. Haka nan duk ƙullutun da aka yanke ya kamata a aika da shi ɗakin gwaji, a kuma tabbatar sakamakon ya isa hannun mai shi, domin naman da aka jefar ko takardar da ba a je an karɓa ba sun bar macen da tabo a jiki ba tare da sanin me aka cire mata ba.

Darasin ƙasashen da halinsu ya yi kama da na Nijeriya a fili yake. A Manila ta ƙasar Filifin, a shekarun 1990, an duba mata masu ɗimbin yawa da hannu, amma kashi 35 kawai na waɗanda aka samu da ƙullutu suka kammala binciken da aka tura su, har aka dakatar da shirin bayan zagaye na farko. A Mumbai ta Indiya kuwa, cibiyar Tata ta horar da mata ma'aikatan lafiya na matakin farko, suka riƙa duba matan unguwanni duk bayan shekara biyu, aka bibiyi mata 151,538 har shekara ashirin, sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna an riƙa gano cutar a matakin da ya fi sauƙi, mace-mace kuma sun ragu da kusan kashi 30 a tsakanin masu shekara 50 zuwa sama. Hannun da ya duba a biranen biyu iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne maimaitawa, da bin mace har gida, da sauƙaƙa mata hanyar zuwa mataki na gaba. Wannan ba kira ba ne ga yawaita gwaji barkatai, domin gwajin Shanghai da aka yi da ma'aikatan masaƙu 266,064 ya nuna a 2002 cewa koyar da duba kai kaɗai bai rage mace-mace ba, sai ma ƙara yawan ɗiban naman da ba daji ba da ya yi. Kowace firgita tana da farashi, kuma mace ce ke biya.

Wayar da kai ta yi nisa a arewa, kuma 'yar Zamfara ce, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, aka zaɓa a 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya da ke Janeba. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ɗora wa ƙasashe buri uku: a gano aƙalla kashi 60 na cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kashi 80 na marasa lafiya kuma su kammala jinya. Asusun tallafi da gwamnatin tarayya ta fara a shekarar 2021 an kafa shi ne domin jinyar waɗanda aka tabbatar suna da cutar. Macen da aka ce ba ta da ita ba ta cikin lissafin kowa, alhali burin farko na ukun nan ya dogara a kan dawowarta.

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin Tsafe ba, tunda garin yana da Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha da ke yaye ma'aikatan da za su zauna a cibiyoyin karkara, kuma a can ya dace a fara koyar da yadda ake ba da sakamako mai kyau kamar yadda ake koyar da ba da mummuna. Mace ta fita ɗakin dubawa ta san sunan abin da aka samu da Hausa, ta san da wace hanya aka tabbatar, ta riƙe kati mai ɗauke da ranar dawowa, an kuma lissafa mata alamomin da ba a jiran rana a kansu: sabon ƙullutu, ko tsohon ya ƙara girma ko tauri, kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, fata ta lotsa ko ta yi kaushi, gyambon da ya ƙi warkewa, ko kaluluwa a hammata. Kwatancen da kowace uwa za ta gane shi ne na awon ciki, domin haihuwa lafiya a bara ba ta ɗauke wa mace awo a cikin bana. Idan ta yarda, a kira maigida ko mai rakiya a faɗi wannan a gabansa, a kuma ce masa kawo ta da ya yi daidai ne, saboda shi za a sake nema izini da kuɗin mota. Kowace cibiya ta ajiye rajistar matan da aka sallama da ranakunsu, mace ma'aikaciya ta riƙa bin sawu, kuma kada a dogara da waya kaɗai, ganin yadda rufe layukan sadarwa a jihar a watan Satumba na 2021 ya yanke hulɗa tsawon makonni. Ungozoma da malamar Islamiyya da ranar rigakafin yara duk hanyoyi ne na isar da saƙo. Masu shirya gwaji kyauta kuma, a rahoton da suke miƙa wa hukuma da masarautar 'Yandoton Tsafe, bayan adadin matan da aka duba, su riƙa rubuta nawa aka tura gaba, nawa suka isa, nawa suka karɓi sakamakonsu a hannu, nawa ne kuma daga cikin waɗanda aka sallama bara suka dawo bana.